Dafa Indomi a Gida: Daga Ɗora Ruwa Zuwa Saukewa

Indomin da ke cikin leda dafaffiya ce tun daga kamfani. Wanda ya riƙe wannan magana ya gama rabin koyon girkinta. A can ana kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri da ɗan sinadari dangin kanwa, a murza kwaɓin ya yi faɗi, a yanka shi siri-siri, a turara har ya nuna, sannan a tsoma shi cikin mai mai zafi na minti ɗaya zuwa biyu. Wannan suya ita ke korar ruwan da ke jikin taliyar, kuma a yayin da ruwan ke fita a matsayin tururi sai ya bar ƙananan ƙofofi birjik waɗanda ido ba ya gani. Ta cikinsu ruwan zafi ke komawa idan ka zo dafawa. Wani ɗan kasuwa a Japan, Momofuku Ando, wanda ya kafa kamfanin Nissin, shi ya fara fitar da irin wannan taliya kasuwa a 1958, ya kuma ƙaro ta cikin kofi a 1971. Indomie kuwa a Indonesiya ta fara fitowa a 1972. Akwai nau'in da ba a soyawa, iska mai zafi ake busar da shi da ita. Shi ba shi da maiƙo sosai, kuma yakan ɗan fi jimawa kafin ya yi laushi.

Ke nan aikinka a kicin bai wuce mayar mata da ruwan da aka raba ta da shi ba, da zafin da ya dace, a cikin lokacin da ya dace. Kusan duk indomin da ta lalace, a ɗayan wurare uku ta lalace: an zuba ta ruwa bai tafasa ba, ko ruwan ya yi yawa, ko an bar ta a wuta ta wuce ƙa'ida.

Kafin ka kunna wuta

Girkin minti uku ba ya jiran mai neman wuƙa. Duk abin da za ka saka, ka yanka shi ka ajiye tukuna. Ka buɗe ledar, ka fitar da ƙullin kayan ɗanɗano, ka yage bakinsa ka jingine shi a gefe, domin da jiƙaƙƙen hannu ba ya yaguwa da daɗi. Ka duba ranar ƙarewar wa'adi a jikin leda, ka kuma sansana curin taliyar. Taliyar da aka soya tana ɗauke da mai, mai kuwa idan ya daɗe ko ya sha rana yakan canza wari. In ka ji warin tsohon mai, babu kayan haɗin da zai ɓoye shi, a zubar kawai.

Tukunya ƙarama mai murfi ta fi dacewa da leda ɗaya ko biyu. A babbar tukunya ruwan kofi ɗaya bazuwa yake yi a ƙasa, ba zai rufe curin ba, sai gindin ya jiƙa saman yana bushe. Cokali mai yatsu ya fi ludayi amfani a nan, da shi ake warware silin ba tare da an tsinka su ba.

Ruwa da tafasarsa

A nan zan ɗan daɗe, don a nan aka fi yin gaggawa.

Ka ɗebi ruwa mai tsabta, wanda za ka iya sha. Ka auna shi, kada ka zuba da ka. Ka rufe tukunyar. Murfi ba ado ba ne: tururin da ke tashi daga buɗaɗɗiyar tukunya zafi ne yake tafiya da shi, don haka rufaffiyar tukunya ta fi saurin tafasa, ta fi kuma tattalin gas ko kananzir. In gas ne, ka daidaita wutar yadda harshenta zai tsaya a gindin tukunya. Wutar da ta zarce tana lasar gefe, ɗakin take ɗumamawa. Harshen ya kasance shuɗi. In ka ga ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta tukunya, kan murhun na bukatar shara. Mai amfani da gawayi kuma kada ya kuskura ya hura shi a rufaffen ɗaki, saboda yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

Da ruwa ya fara ɗaukar zafi za ka ga 'yan ƙananan ƙwayoyi sun manne a gindin tukunya da gefenta. Wannan ba tafasa ba ce. Iskar da ke narke cikin ruwan ce take fita, kuma a lokacin ruwan bai ko kusa kai zafin da ake so ba. Daga nan sai tukunya ta fara wani ɗan kuka, tururi na tashi sama-sama. Har yanzu da saura. Tafasa ta gaskiya ita ce lokacin da manyan kumfa ke tasowa daga ƙasa suna fashewa a sama, ruwan yana zaɓalɓala, ko ka juya shi da cokali ba zai lafa ba. A ƙasa mai daidai da gaɓar teku, wannan na faruwa ne a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos.

Da zarar ya kai nan, ƙara wuta ba ya ƙara masa zafi. Ko ka ƙure murhu, ruwan yana nan a digirinsa, sai dai ya yi saurin ƙonewa. Shi ya sa bayan an zuba indomi matsakaiciyar wuta ta isa.

Tsayin wuri yana taɓa lissafin. Duk hawan mita 300 ko kusa da haka, ruwa na tafasa a digiri ɗaya ƙasa da na da, domin nauyin iskar da ke danne shi ya ragu. A garin da ke kan tudu mai tsayin mita 1,500, ruwa zai tafasa a wajen digiri 95. Mazauna irin waɗannan wurare sai su ƙara wa girkin 'yan daƙiƙu.

Wasu na barbaɗa gishiri wai don ruwa ya yi saurin tafasa. Ba ya yi. Hasali ma gishiri ɗaga ma'aunin tafasar yake yi, ko da yake kaɗan ne ƙwarai: sai ka zuba kusan giram 58 a lita ɗaya kafin ya ɗaga da digiri guda. Kumfar da ke tasowa in an zuba shi a ruwan zafi ce ke ruɗin mutane. Balle ma indomi ba ta bukatar ƙarin gishiri ko kaɗan, za mu zo kan wannan.

In kana da butar lantarki, ita ce hanya mafi sauri. Buta mai ƙarfin wat 2,000 tana tafasa rabin lita cikin ƙasa da minti biyu. Ka tafasa a ciki, ka juye a tukunyar da ke kan wuta, ka jira ya sake ɗaukar tafasa, sannan ka ci gaba. Amma kada ka dafa indomin a cikin butar kanta. Sitacin taliya yana kumfa ya malalo kan wayoyin wuta, mai da kayan ɗanɗano su kama gindin, shayin gobe kuma ya fito da ƙamshin kaza.

In kana shakkar tsabtar ruwan da ka samu, ka bar shi ya yi cikakkiyar tafasa ta minti ɗaya kafin ka zuba komai, a wuri mai tsayi sosai kuma minti uku. Wannan na kashe ƙwayoyin cuta. Amma tafasa ba ta cire guba ko dalma ko man fetur da ya gauraya da ruwa. In ruwa gurɓatacce ne ta wannan fuska, sai dai a nemi wani.

Hanyar farko: a bar ruwan ya tsane a jikinta

Wannan ita ce ta fi saurin yi kuma ta fi saurin ɓaci. Ga ƙaramar leda mai wajen giram 70, kofi ɗaya na ruwa ya isa, wato kimanin mililita 250. Babbar leda sai a ƙara gwargwado. In leda biyu ce, kada ka ninka ruwan cif-cif, ka rage kaɗan, domin abin da ke tashi a tururi bai ninku ba. Gara ruwa ya gaza ka ƙara na zafi cokali biyu, da ya yi yawa ka rasa yadda za ka yi da shi.

Da ruwan ya tafasa, ka zuba kayan ɗanɗano ka juya su narke. A wannan hanya da wuri ake saka su, tunda ruwan duka jikin taliyar zai shiga, ɗanɗanon ya bi shi. Sai ka saka curin. Ko ka karya shi biyu ko huɗu, ko ka bar shi ɗungurungum, wannan son rai ne. Ni dai na fi son a bar shi, dogon sili ya fi daɗin naɗewa a cokali, sai dai in yara za a ba.

Kada ka taɓa shi na wajen rabin minti. Curin da bai jiƙa ba in ka matsa masa da cokali karyewa yake yi. In ƙasan ya yi laushi sai ka kifa shi, saman ma ya sha ruwa, sannan ka sa yatsun cokali ka riƙa ɗaga silin a hankali har su rabu. Ka rage wuta zuwa matsakaiciya, ka bar tukunyar a buɗe ko ka ɗan karkata murfin. In ka rufe ruf, kumfar sitaci za ta taso ta kashe maka wuta.

Daga minti na biyu ka fara ɗanɗanawa. Ka ciro sili ɗaya ka ciza. Abin da kake nema shi ne ya yi laushi amma da ɗan ƙarfi-ƙarfi a tsakiya, kamar saura ƙiris. A nan ake saukewa, ba a jira sai ta nuna sarai ba. Dalili kuwa, zafin da ke jikinta da na tukunya zai ci gaba da dafa ta bayan an kashe wuta, har a cikin kwano ma. Wanda ya jira ta yi daidai a kan wuta, caɓaɓɓiya zai ci. Haka kuma ka sauke da ɗan sauran ruwa mai kauri a gindin tukunya, kamar cokali biyu ko uku. Kafin ka zauna ta shanye shi, ta yi sheƙi. In ka bari ya ƙafe ƙaf a wuta, za ta manne wuri guda ta kama gindi.

Kada ka bar ta a tukunya. Ka juye nan take.

Hanya ta biyu: a tace

Wannan ta dace da nau'in da aka yi don a ci a bushe, wanda yakan zo da ƙullin mai da na miya ban da garin ɗanɗano, da kuma duk lokacin da kake son ka soya ta da kayan lambu. A nan ruwa mai yawa ake so, rabin lita ko fiye ga leda ɗaya, kuma ba a saka masa komai. Ka dafa minti biyu zuwa uku, ka ɗebi ruwan dahuwar cokali uku ka ajiye, ka tsiyaye sauran. Tun tana kan wuta ka riga ka haɗa kayan ɗanɗanon a kwano. Ka juye ta a kai da zafinta, ka gauraya, in ta yi tauri ka sassauta ta da ruwan nan da ka ajiye.

In soyawa za ka yi, ka sauke ta tun tana da saura sosai, wajen minti ɗaya da rabi zuwa biyu, domin za ta ƙarasa a kasko. Ka soya albasa da sauran kayan a ɗan mai, wuta da ƙarfi, ka zuba taliyar da garin ɗanɗano, ka juya na minti ɗaya, shi ke nan.

Akwai maganar da ke yawo cewa ana shafa wa indomi kakin zuma ko wani abu mai kama da roba, wai shi ya sa dole a zubar da ruwan farko. Babu wani kaki. Abin da ke sa ruwan ya yi fari-fari sitaci ne, abin da ke yawo a sama kuma man suya ne. Zubar da ruwan yana rage maiƙo kaɗan, ga mai son haka, amma ba wata guba ake wankewa ba.

Hanya ta uku: mai romo

Ruwa mililita 400 zuwa 500 ga leda ɗaya, ko abin da aka rubuta a bayanta. Ka dafa taliyar, ka zuba garin ɗanɗano a minti na ƙarshe ko bayan ka kashe wuta, don ƙamshinsa kada ya bi tururi. Ita wannan ta fi kowacce rashin haƙuri, tunda tana zaune cikin ruwan zafi har ka gama ci. Ka sauke ta da saura fiye da sauran.

Ta cikin kofi kuwa ba ta bukatar tukunya. Ka ɗaga murfin rabi, ka zuba tafasasshen ruwa zuwa layin da aka zana a ciki, ka rufe, ka ɗora cokali a kai, ka jira minti uku ko abin da aka rubuta. Ruwan ɗumi ba ya yi mata, ruwan fulas da ya kwana ma haka, sai ta fito waje laushi ciki gayau.

Abin da za a ƙara, da lokacin ƙara shi

Indomi ita kaɗai fulawa ce da mai da gishiri. Tana toshe yunwa, amma ba ta da abin gina jiki sosai, ba ta da harza. Ƙwai ɗaya da ɗan ganye suna mayar da ita abinci. Ƙa'idar ɗaya ce: duk abin da ya fi ta daɗewa a wuta, shi zai riga ta shiga. Karas da koren wake a yanka su ƙanana, su shiga minti biyu ko uku kafin taliya. Albasa da tattasai da barkono suna iya shiga tare da ita. Kabeji da alayyafo da ganyen albasa sai minti na ƙarshe. Ka tuna tumatir da kabeji suna sakin ruwa, ka rage na tukunya kaɗan. Nama da kaza sai dafaffu. Ɗanyen nama ba zai nuna a minti uku ba, kuma cinsa haka hatsari ne. Kifin gwangwani a ƙarshe ake saka shi, ɗumi kawai yake bukata.

Ƙwai yana da hanyoyi. In kana son sa dunƙule, ka fasa shi a kan taliyar da zarar ta warware, ka rage wuta, ka rufe, kada ka juya. Matsalar ita ce shi yana son minti uku zuwa huɗu, taliyar kuma ba ta da wannan lokacin, don haka ya fi kyau ka fasa shi a ruwan minti ɗaya kafin curin ya shiga. In kana son ya bi jikinta, ka kaɗa shi a kofi, ka zuba a siririn zubi saura minti ɗaya, ka ƙirga goma kafin ka juya. In ka juya nan take, romon zai yi dama-dama da ƙarni. Mafi tsabta dai a soya shi ko a dafa shi daban. Ga ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi, a tabbata fari da gwaiduwa duk sun daskare.

Maganar gishiri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato miligiram 2,000 na sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri. Leda ɗaya ta indomi takan cinye kaso mai tsoka na wannan, wani nau'in ma fiye da rabi, kuma mafi yawansa a ƙullin ɗanɗano yake. Ka juya bayan ledar ka duba adadin sodiyam, ka ninka shi sau biyu da rabi, abin da ya fito shi ne gishirin. Ka lura kuma ko lissafin na ledar duka ne ko na rabinta, don wasu kamfanoni kan ɗauki leda ɗaya a matsayin cin mutum biyu.

Saboda haka ƙara dunƙulen ɗanɗano ko gishiri a kai ba shi da wani dalili. In leda biyu ka dafa, ƙulli ɗaya da rabi ya wadatar, wani lokaci ma ɗaya. Tafarnuwa da citta da barkono da 'yar matsar lemun tsami a ƙarshe suna cike gurbin. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya yi amfani da rabi, kuma in mai romo ce kada ya shanye romon.

In an samu matsala

Ruwa ya yi yawa, taliya kuma ta nuna: kada ka jira ya ƙone. Ka tsame taliyar zuwa kwano, ka ƙara wa ruwan wuta shi kaɗai har ya yi kauri, ka zuba a kai. Ruwa ya ƙafe tana da tauri: ka yayyafa ruwan zafi, ba na sanyi ba, ka rufe na rabin minti. Gishiri ya yi yawa: ka ƙara dafaffen ganye ko ƙwai marar gishiri, ko ka dafa rabin curi a ruwa zalla ka haɗa. Ta kama gindi: ka kwashe saman ba tare da kankarewa ba, in ka kankaro ƙaurin zai bi duka. Wadda ta caɓe kuwa ba ta dawowa. Abin da kawai za ka iya shi ne ka kaɗa ƙwai biyu ka haɗa da ita, ka soya a kasko kamar waina har gefe ya yi ƙamas.

Ƙuna

Sauƙin wannan girki ne ke sa a bar wa yara, kuma romon indomi na cikin abubuwan da ke yawan ƙona su, musamman ta kofi, mai tsawo da ƙaramin gindi, da an taɓa ta kife. Taliyar tana manne wa fata ta riƙe zafi. Hannun tukunya ya kalli ciki, ba bakin murhu ba. In za ka ɗaga murfi, ka karkata shi tururin ya yi gaba, ba fuskarka ba. Kada a miƙa wa yaro kwano sai ya huce, kuma a kan tebur ko a ƙasa, ba a cinya ba.

Mai ɗumama ruwa a maikurowef, wato na'urar lantarki ta ɗumama abinci, ya yi hattara. A kofi mai santsi ruwa kan wuce digiri 100 ba tare da ya nuna alamar tafasa ba, sai an taɓa shi ko an jefa wani abu ya yi tsalle gaba ɗaya. Ka saka taliyar a ruwan tun farko a kwanon da aka yi don na'urar, ko ka tsoma tsinken katako a ciki, kuma ka jira ɗan lokaci kafin ka fitar. Kofin indomi na soso ba a saka shi a ciki, sai in an rubuta a jikinsa cewa ana iya yi.

In ƙuna ta faru, a cire taliyar da tufafin da ya jiƙa, sai fa in ya manne da fata, a cire zobe ko agogo, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da mai ko ɗanyen ƙwai. Kada a fasa bororo. In wurin ya fi tafin hannun wanda ya ƙone, ko a fuska ne, ko hannu, ko al'aura, ko kuma jariri ne, a tafi asibiti.

Ragowa

Indomi ba abincin ajiya ba ce, ka dafa daidai cikinka. In ta ragu, kada ta wuce awa biyu a waje, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya, saboda dafaffen abinci mai sitaci wuri ne da ƙwayoyin cuta ke saurin yaɗuwa, wasunsu kuma suna barin dafin da ɗumame ba ya kashewa. Ka raba ta da romo in akwai, ka rufe ta a firji, ka ci washegari. Wajen ɗumamawa kasko ya fi tukunya: ɗan mai, ruwa cokali ɗaya, wuta da ƙarfi, har sai ta yi zafi ciki da waje. Sau ɗaya ake ɗumama ta.